Gwajin fata ya nuna abinci biyar, shin in hana ɗana cin su duka?

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara biyu yana fama da ekzima, ciwon fata mai ƙaiƙayi, tun yana jariri. An yi masa gwajin fata, aka ce ba ya jituwa da madara, ƙwai, gyaɗa, alkama da kifi, har da ƙurar ɗaki. Na daina ba shi duka, amma ƙaiƙayin bai ragu ba, ga shi yana ta ramewa. Me zan yi?

Amsa: Malama, ramar nan ta fi ƙaiƙayin tayar mini da hankali, saboda haka ki kai shi a auna nauyinsa cikin makon nan.

Gwajin da aka yi masa, wato a ɗiga ruwan abin da ake zargi a hannu ko a baya, a ɗan tsira fatar, sannan a duba bayan minti 15 zuwa 20, abu ɗaya kawai yake nunawa: jiki ya ƙera IgE, sinadarin garkuwar jiki da ke tayar da alerji (borin da jiki ke yi wa abin da bai jitu da shi ba), a kan wannan abu. Idan kumburin ya zarce na ruwan gishirin da ake kwatantawa da shi da milimita 3, sai a rubuta cewa ya nuna. To amma nunawa daban, cuta daban, kuma wannan ne abin da nake maimaitawa kullum har bakina ya gaji. Masu ekzima suna da IgE mai yawa, fatarsu kuma tana saurin tashi, don haka gwajin yakan nuna abincin da yaro ke ci lafiya lau. Kusan rabin irin wannan sakamako ba alerji ne na gaskiya ba. Ƙarfin gwajin yana ɗaya ɓangaren: idan bai nuna ba, da wuya abincin ya jawo borin gaggawa, muddin an dakatar da magungunan alerji irin su cetirizine kwanaki kafin a yi shi.

Tambayar da ya kamata a yi miki tun farko ita ce, me ke faruwa idan ya ci ƙwai? Idan leɓe bai kumbura ba, borin jini bai fito ba, babu amai ko sarƙewar numfashi cikin awa biyu, to takarda ba ta isa ta raba shi da ƙwai ba. Abin takaici shi ne yadda wasu ke jera abinci ashirin a gwada ba tare da sun saurari tarihin yaro ba, su miƙa wa uwa sakamako su sallame ta. Masu gwajin gashi da na IgG (wani sinadarin garkuwar jiki daban da ake aunawa a jini) da na'urar da ake riƙewa a hannu kuwa, karɓar kuɗi kawai suke yi.

Hanin nan yana da illa biyu. Yaro na rasa abin gina jiki a lokacin da ya fi buƙatarsa, sannan jikin da ya saba da abinci yana iya daina jure shi idan aka daɗe ba a ba shi ba, ranar da ya sake ci sai ya yi mummunan bori. Wani bincike mai suna LEAP da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa bai wa jarirai masu tsananin ekzima gyaɗa da wuri ya rage alerjin gyaɗa da kusan kashi 80 cikin ɗari. Saboda haka kada ki mayar masa da abincin da kika hana shi a gida ke kaɗai; a gwada su ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, a gaban likitan alerji.

Ita ƙurar ɗaki, ƙananan ƙwarin da ke cikin katifa da matashi ake nufi, kuma wanke shimfiɗa da ruwan zafi duk mako ya wadatar a matakin farko. Maganin fatar kansa shi ne man shafawa mai kauri aƙalla sau biyu a rana, da man sitiroyid da likita ya rubuta a duk lokacin da ta tashi.