Zaman Dangi Kan Riƙon Yarinya: Shin Halartarsa Ya Halatta Idan Hukuma Ce Ta Kira?

Tambaya: Allah gafarta Malam. Ƙanwata ta rasu ta bar yarinya 'yar shekara 8 a hannun kishiyarta a Tudun Wada, Zariya. Malaman makaranta sun ga tabon duka a bayanta, suka sanar da jami'an walwalar jama'a. Jami'an sun ce kafin a je kotu, dangin uwa da na uba su zauna su fitar da matsaya. Baffanta ya ce zaman haramun ne, tsarin Turawa ne, kuma tonon asiri ne. Mahaifiyarmu tana raye. In je?

Amsa: Allah ya jiƙan 'yar'uwarki. Ki je, Malama, kuma ki tafi da mahaifiyarku.

Maganar da kika sako a ƙarshe, cewa tsohuwa tana raye, ita ce jigon hukuncin. A mazhabar Malik, idan uwa ta rasu, riƙo yana komawa ga kaka ta wajen uwa, sannan ga inna irinki, kafin a zo kan uba, matuƙar mai riƙon tana da lafiya, amana da wurin da yarinya za ta tsira. Riƙon 'ya mace yana nan har ta tare a gidan miji. Kishiyar uwa ba ta cikin jerin ma. Ci da sutura kuwa suna kan uba, babu saɓani.

Maganar baffa ba ta da madogara. Gaskiya ne an fara sa wannan tsari a doka a New Zealand a 1989, amma daga al'adar ƙabilar Maori aka ɗauko shi, bayan sun koka cewa hukuma tana raba 'ya'yansu da danginsu. Wato an yi shi ne don a mayar wa dangi magana. Jami'i yana bayyana abin da ya gani, ya fita, ku tattauna ku kaɗai. Wannan sulhu ne, kuma alƙalan kotunan Shari'a da kansu suna tura mutane gida su sasanta. Allah ya sharɗanta shawara tsakanin iyaye kan yaye a aya ta 233 ta Baƙara, ina ga yarinyar da ake duka? Sayyidina Umar ya karɓi tsarin diwani, wato rajistar masu karɓar rabo daga baitulmali, daga wasu al'ummu, sahabbai ba su ce ya yi bidi'a ba. Batun asiri kuwa, sutura ta mai laifin da ya tsaya kansa ce. Cutar da ke gudana a jikin ƙaramar yarinya, rufe ta taimakon zalunci ne. Kuma wanne ya fi tona asiri, zaure ko kotu? Ina jin tsoron kada baffa ya zama yana kare sunan gida da fatar marainiya.

Sai dai ki kiyaye. Kada kunyar surukai ta sa ku amince a mayar da ita inda aka dake ta kafin a bincika, domin tsaronta haƙƙinta ne, ba naku ba ne balle ku yafe. Kada a titsiye ta a gaban wadda ake zargi; wata mace da ta saba da ita ta ji ta bakinta a keɓe. Ke ma kada ki yanke wa matar hukunci da zafin rashin 'yar'uwa, ba ki ga dukan da idonki ba. A kai yarinyar asibiti. A rubuta abin da aka cimma: inda za ta zauna, kuɗin makaranta, ranakun ziyarar uba, gadonta na uwa da wanda zai adana shi, da ranar sake zama. In sun ƙi, ki kai wa alƙali. Dokar kare yara ta Jihar Kaduna ta 2018 ma tana bayanki.

Wallahu a'alam.