Tambayi Injiniya: Akwatin kunna tandar gas

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da gidan burodi a Zariya, tandata ta gas ce. Akwatin kunna wutar ya fara min wasa: tartsatsi ya tashi, wuta ta kama, bayan 'yan daƙiƙu ta mutu, ƙararrawa ta hau kuka. Mai gyara ya ce in sayi sabo, ko ya haɗa bawul ɗin gas kai tsaye, ba ta cikin akwatin ba, mu huta. Wane iri zan saya da ba zai ba ni kunya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar haɗa bawul kai tsaye, ka kashe ta tun yau. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi. In wuta ta mutu yana ta zuba, kwanciya yake a gindin tanda yana jiran ashana. Akwatin nan shi ke rufe shi.

Sannan kada ka yi gaggawar fitar da kuɗi, don yadda ka kwatanta, ina zargin akwatin lafiyarsa ƙalau. Akwai wani siririn ƙarfe da ke tsaye cikin harshen wuta, gindinsa a farin tangaran. Ta jikinsa wata 'yar wutar lantarki, mai ƙanƙantar da sai mita ta musamman ke gani, take bi ta cikin harshen wutar zuwa ƙarfen murhun. Da ita akwatin ke sanin wuta ta kama. Baƙin hayaƙi ya rufe ƙarfen, ko tangaran ya tsage, ko wayar ƙasa (wadda ake kira "earth") ta yi tsatsa, shi ke nan, sai ya ɗauka babu wuta ya datse gas. A goge ƙarfen da sanfefa mai laushi, a ɗaure wayar ƙasa tam. Ka kuma lura: a wutar NEPA yake yin wannan wasan ko sai an tada janareta? Akwatuna da yawa ba sa jure a juya musu waya mai wuta da maras wuta, kuma ƙananan janaretoci sun iya jawo wannan rikici.

In ya tabbata akwatin ya mutu, cire shi ka tafi da shi kasuwa, a karanta takardar jikinsa. Wutarmu bolt 230 ce; na Amurka irin Honeywell S8610U bolt 24 yake ci ta taransifoma, ka ba shi tamu ya ƙone nan take. Dole ƙarfin wutar sabon akwatin ya dace da na bawul ɗinka, daƙiƙun da yake ba wuta ta kama su yi daidai da na tsohon, kuma ya zama mai kulle kansa in ta ƙi kamawa, ba mai ta sake gwadawa ba. Na Turai, kamar na kamfanonin Brahma da Siemens, nemi alamar CE da lambar EN 298, shaidar cewa ya cika ƙa'idar Turai ta irin waɗannan akwatuna.

Wanda babu lamba, babu zanen haɗin waya a jikinsa, ko kyauta aka ba ka, bar musu kayansu. Sabon kuma a ɗaura shi nesa da hucin tanda, a sa masa sitabilaiza.