Kafin ka sauya notukan babur ɗinka

Tambaya: Salamu alaikum. Ina da Yamaha da nake aikin kai saƙo da ita a Jidda. Injin lafiya lau, amma notukan duk sun yi tsatsa, sun ɓata mata kyau. Na ga ana sayar da saitin notuka masu ƙyalli da masu kala. In saya in sauya duka? Kuma yaya zan gane girman nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsatsar nan ba sakacinka ba ne, iskar Jidda ce mai laima da gishirin Bahar Maliya. Ka sauya, amma ba duka ba.

Fara da gane abin da ke jikin babur ɗin. Baburan Japan da milimita ake auna notukansu, kuma lambar sifana ba ita ce girman noti ba. Wanda sifana 10 ko 8 ke kamawa galibi M6 ne, wato kaurin jikinsa mai zare milimita 6, mai 12 M8 ne, mai 14 kuma M10. A nan mutane ke faɗawa rami. M10 na baburan Japan yawanci zarensa siriri ne, tazarar milimita 1.25, alhali wanda ya cika shagunan kayan gini mai 1.5 ne. A ido kamarsu ɗaya. Zai shiga zagaye biyu ya cije, kai kuma ka ƙara masa ƙarfi, shi ke nan zaren ramin ya cinye. Saboda haka ka kwance tsohon, ka sa a aljihu ka tafi da shi Sina'iyya, unguwar makanikai da masu sayar da kayan gyara, a haɗa zaren biyu a ga sun shige juna ba rata. Tsawo kuwa daga ƙarƙashin kai ake aunawa. Na murfin injin ba tsawonsu ɗaya ba, don haka ka zana murfin a kwali, duk wanda ka cire ka soke shi a gurbinsa.

Sai ka goge kan notin ka karanta. In ka ga 8.8 ko 10.9 ko 12.9, ƙarfinsa ke nan. Masu ƙyallin nan marasa tsatsa yawanci A2-70 ne a rubuce, kuma ba su kai ko 8.8 ƙarfi ba. Masu kala, ja da shuɗi da ruwan gwal, mafi yawansu alminiyam ne, sun fi kowa laushi. Notin birki, na faifan birki, na gatarin taya, na shokozoba, da waɗanda suka riƙe injin a jikin firam, kada ka taɓa su don ado. In sun lalace ka nemi na kamfani. Kai da ke shiga cunkoson titin Madina kullum da kaya a bayanka, ba a kan birki za ka gwada sa'a ba.

Inda za ka yi kwalliyarka shi ne robobin jiki, madigadi, murfin sarƙa, lamba, da murfin injin na gefe. Ni da ni ne, marasa tsatsa masu ramin alanki zan saya, duk iri guda. Babur ya fi tsafta a ido idan kawunan notukansa sun zama bai ɗaya, ba nan ja can kore ba. Masu kalar ma ranar ƙasar nan ba ta barinsu, jan yakan koɗe ya koma wani abu daban. Abu ɗaya dai: ƙarfe marar tsatsa in ya daɗe cikin alminiyam ga gishiri, sai ya ci ramin ya kafe. Ka shafa wa zaren man hana kafewa kafin ka ɗaure, kuma ka sassauta hannu, don noti mai maiƙo yana saurin wuce ƙima.

Waɗanda na ce kar ka taɓa, akwai 'yan huluna na roba ko na kurom da ake kifa musu a ka. Tsatsar ta ɓuya, ƙarfin yana nan.

Tambaya: Na sayi Harley-Davidson ta hannu a Riyad. Sifana 13 tana shiga wasu notukan amma tana santsi. Notukan ne suka cinye?

Amsa: Malam, ajiye sifanar nan tun ba ta cinye su da gaske ba. Yawancin notukan Harley na Amurka da inci ake auna su. Wanda kake fama da shi kansa rabin inci ne, wato milimita 12.7, shi ya sa 13 ke rawa a kansa. Ka sayi saitin sifanu na inci, da makullan Torx masu bakin tauraro, musamman T27. Ƙarfin irin waɗannan da layuka ake gane shi a kan notin: uku mai matsakaicin ƙarfi ne, shida ya fi. In za ka sayi na ado, ka faɗa wa mai shago shekarar babur ɗin da samfurinsa, don akwai 'yan wurare a jikinsa da na milimita ne.