Me Ya Sa Dandalinmu Ya Yi Nauyi?

Tambaya: Malam, ina kula da dandalin intanet na wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Tun da mambobi suka ƙaru, shafin yana daɗewa kafin ya buɗe, musamman bayan sallar isha'i. Shin mu sayi uwar garke (wato kwamfutar da ke ɗauke da dandalin) mafi girma?

Amsa: Malama, kada ku yi gaggawar kashe kuɗi kafin ku auna inda lokacin yake tafiya. Galibi matsalar tana cikin rumbun bayanai, inda ake ajiye saƙonnin mambobi, domin idan babu fihirisa (wato jerin da ke nuna inda kowane bayani yake) a kan abin da ake yawan nema, to kowace buƙatar neman bayani sai ta bi dukkan saƙonnin da aka taɓa ajiyewa, aikin da ba ya nauyi lokacin da saƙonnin ke kaɗan, amma yake zama jidali idan sun yi yawa. Ku sa mai kula da manhajar ya fitar da buƙatun da suka fi jinkiri, ya gyara su tukuna. Sannan a riƙa ajiye shafukan da aka fi buɗewa a ma'ajiyar wucin gadi don kada a sake haɗa su duk lokacin da aka buɗe, kuma a rage girman hotuna, wanda zai ma sauƙaƙa wa masu ƙaramar data.

Ko Twitter ya sha tsayawa a lokacin gasar cin kofin duniya ta 2010, kuma sai da injiniyoyinsa suka sake gina tsarin manhajar. Idan kun gyara waɗannan kuma nauyin dare bai ragu ba, to lokacin ƙara uwar garke ya yi.