Ku Tambaya Mu Amsa: Na yanke bidiyon biki ya fito dishi-dishi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah ina da bidiyon kamun ƙanwata kusan awa ɗaya, so nake in cire wurin da mai ɗauka ya manta kyamara na kallon ƙasa, da wani wuri da mata suka ajiye mayafi ana cashewa, don dangin ango na son a tura musu. Na yanke da wata manhajar waya amma ya fito dishi-dishi, fuskar amarya kamar an watsa mata toka, kuma nauyinsa ma ƙaruwa ya yi. Ina na kuskure? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba su zaman lafiya. Ai ba yankan ne ya ɓata miki ba, sake matsewar da manhajar ta yi ne.

Kin ga bidiyon waya yawanci hoto 30 ne a kowace daƙiƙa, amma ba duka ake ajiyewa cikakku ba, da haka ne da awa ɗaya ta cinye miki waya kaf. Tsarin matse bidiyo na H.264 da ya fito a 2003, wanda yawancin fayilolin MP4 ke ɗauke da shi, cikakken hoto ɗaya yake ajiyewa lokaci-lokaci, masu sana'ar na kiransa kifirem, sai na bayansa ya riƙa rubuta abin da ya canza kawai, hannun amarya ya motsa a rubuta, bango bai motsa ba a ƙyale shi. Kamar littafin bashin mai shago ne, jimla a sama, ƙasa kuma "ƙarin ɗari biyu", "ragin hamsin". In kika yage jimlar sauran lissafin ya tashi a banza.

To manhajoji irin su CapCut da InShot in za su fitar da aiki sai sun warware bidiyon gaba ɗaya sun sake matse shi, kuma kowace matsewa akwai abin da ke zubewa wanda ba ya dawowa. Ɗumamen ɗumame kenan, ƙato a kwano ga ba daɗi.

Abin da nake so ki yi, ki samu kwamfuta ko ta aro ce ki sauke LosslessCut, kyauta ce a shafinta. Ita ba ta taɓa hoton, ɗebo guntayen da kika zaɓa kawai take ta haɗa, shi ya sa aikin da waya za ta yi zafi a kansa ita nan da nan ta gama, ingancin kuma yana nan yadda yake. Avidemux ma na yi in kika bar wajen fitar da bidiyo a kan Copy, maɓallan kibiya na sama da ƙasa su ke tsallaka ki daga kifirem zuwa kifirem.

Sai dai fa a nan ki kula sosai, irin wannan yankan daga kan kifirem yake farawa, wato guntun zai iya somawa daƙiƙa ɗaya ko fiye kafin inda kika sa alama. A wurin kyamara na kallon ƙasa ba komai, amma a wurin rawar nan daƙiƙa ɗaya ta isa a gane Anti wance, a tashi ƙaramin yaƙi a gida. Ki matsa gaba zuwa kifirem na gaba, sannan ki kalli mahaɗar da idonki kafin ki tura.

Kuma wai ma daga ina kika samo bidiyon? In ta WhatsApp aka turo miki to an riga an matse shi tun a hanya, ki koma wajen mai bidiyon ki karɓi na asali a filasha, ki kwafe shi wani wuri daban kar ki yi aiki a kan guda ɗayan da kike da shi. Wajen turawa dangin ango kuma ki zaɓi Document, yana ɗaukar har 2GB kuma ba ya rage komai, sai dai su tanadi data.