Daga ina kuɗin intanet na makarantun gwamnati yake fitowa?

Malam, ka tambayi ko akwai kuɗin da gwamnati ta ware domin sa intanet da kwamfutoci a makarantar sakandare irin taku. Akwai, amma ba a asusu ɗaya yake ba. Hanyar da ta fi dacewa da ku ita ce asusun USPF na kai hanyoyin sadarwa ga wuraren da ba su da su, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa a ƙarƙashin hukumar sadarwa ta Najeriya, wato NCC, kuma ana cika shi ne da wani kaso na kuɗin da kamfanonin waya ke biyan hukumar duk shekara. Asusun ba ya miƙa wa shugaban makaranta tsabar kuɗi. Ɗan kwangila ake turowa ya kawo kwamfutoci, ya kafa sola da batura, ya haɗa intanet na wani taƙaitaccen lokaci.

Hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC tana karɓar kashi 2 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar tarayya bisa dokar 2004, amma aikinta ya tsaya ne a firamare da ƙaramar sakandare, kuma sai jiha ta ajiye nata kason kafin a saki tallafin. Asusun tallafin ilimi na TETFund kuwa na manyan makarantu ne, irin su jami'o'i.

A ganina, matsalar tana fara bayyana ne ranar da wa'adin intanet ɗin ya ƙare, domin makarantu da yawa sun tsinci kansu da ɗakin kwamfuta a kulle, ƙura ta rufe allunan sola, baturan sun mutu. Saboda haka kafin ku kai takardar neman tallafin USPF, ku zauna da kwamitin iyaye da malamai ku tsayar da wanda zai ɗauki nauyin kuɗin data da na gyara.