Tambaya da Amsa: Tsohuwar Kyamarar Fim a Ƙarƙashin Ranar Kano

Wasiƙun da suka taru a wannan wata sun karkata ne ga tsofaffin kyamarorin ɗaukar fim, wato masu cin fim na ainihi wanda sai an wanke shi a ga abin da aka ɗauka. Masana'antar finafinan Kano ta tashi ne a kan kaset ɗin bidiyo tun wajen 1990, don haka ko cikin masu sana'ar kaɗan ne suka taɓa zura fim a kyamara da hannunsu. Na zaɓi wasiƙu huɗu.

Tambaya daga wani mai karatu a Fagge: Assalamu alaikum, Malam. Bayan rasuwar kakanmu mun sami wata kyamara a cikin akwatinsa, an rubuta Bolex H16 Reflex a jikinta, tana da gilasai uku a gaba da wani hannu da ake murzawa a gefe. Ina son in ɗauki Hawan Daushe da ita a Sallah mai zuwa. Ina zan sami batirinta, kuma waɗanne kaya zan fara saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan kaka, ya sa ya huta. Ka daina neman batir, domin wannan kyamara wani ake yi mata, kamar agogon bango na da. Kamfanin Paillard na ƙasar Suwizalan ne ya fito da H16 a 1935, irin taka kuma, wadda kake leƙawa ta cikin gilashin da ke ɗaukar hoton, ta biyo baya a 1956. Idan ka murza hannun har ya tsaya, za ta yi gudu na kusan sakan 28 a kan hotuna 24 a kowane sakan, sannan ta tsaya cak sai ka sake yi mata wani. Faifan fim ɗin da take ɗauka mai faɗin milimita 16 ne, tsawonsa ƙafa 100, kuma yana ƙarewa a cikin kimanin minti 2 da sakan 45. Ka riƙe waɗannan lambobi biyu da kyau, domin su ne za su tsara maka yininka a Ƙofar Kudu ta fadar Sarkin Kano fiye da duk wani kayan da za ka saya.

Shawarata ita ce kada ka sayi komai tukuna in ban da faifan fim guda ɗaya na gwaji. Kafin ma ya iso, ka yi mata wani, ka sa ta a kan 24, ka danna ka saurara. Lafiyayyiya tana yin ƙara iri ɗaya daga farko har ƙarshe, wadda maiƙonta ya bushe kuwa za ka ji tana ja tana saki. Kada ka gwada ta a kan 48 ko 64 alhali babu fim a ciki, domin hakan yana wahalar da injin. Idan ka ji tana ciwo, kada ka ɗura mata man keken ɗinki ko man feshi, domin mai yana bin hanya har ya kai ga gilashi da fim. Na san a Kano muna da masu gyaran agogo da hannunsu ya faɗa, amma sifirin ɗin da ke cikinta yana da ƙarfin da zai iya ji wa mutum ciwo idan aka buɗe shi da gaggawa, saboda haka sai wanda ya taɓa buɗe irinta.

Daga nan ka cire murfin gefe ka duba ƙofar da fim yake wucewa ta gabanta, wato ɗan tagar nan mai kusurwa huɗu da ke bayan gilashi. A nan ƙurar hunturu take yi mana ɓarna. Ni kaina na taɓa ɗaukar marinar Ƙofar Mata da safe, na jira makonni kafin fim ya dawo daga wanki, sai na tarar da wani siririn layi ya ratsa hoton daga sama har ƙasa, tun daga karofin farko har zuwa shanyar ƙarshe, kuma ƙwayar yashi guda ce ta yi wannan aiki. Tun daga ranar ba na zura fim sai na cire farantin da ke danne shi, na hura wurin da 'yar robar hura iska, na bi gefunan tagar da tsinken sakace na itace, sannan na ɗaga kyamarar wajen haske na leƙa. Ƙarfe ba ya taɓa wannan wuri, ko allura ce. Ka kuma duba 'yar kafar da ke bayan gilasan inda ake zura matatar haske: dole mariƙinta ya kasance a ciki ko da babu matata, in ba haka ba haske zai sato ta nan ya ƙona maka fim.

Idan gwajin ya dawo lafiya, to sai a yi maganar saye. Abu na farko shi ne ma'aunin haske, domin wannan kyamara ba ta auna wa kanta. Manhajar auna haske ta waya ma ta wadatar ga mai farawa, amma ka sa ta a kan kashi 1 cikin 80 na sakan, saboda wani ɗan gilashi da ke ciki yana karkatar da wani kaso na hasken zuwa idonka. Da fim ɗin Kodak Vision3 50D, a tsakar ranar Kano, za ka sami kanka tsakanin lamba 11 da 16 a kan gilashi, wato lambobin da ke tsara yawan hasken da yake shiga. Idan 250D ka samu, wanda ya fi saurin kama haske, ranar ta fi ƙarfinsa, sai ka nemi matatar rage haske da ake kira ND, mai lamba 0.6 ko 0.9, wadda take dusashe haske ba tare da ta taɓa launi ba. Abu na biyu shi ne mazauni mai ƙafa uku, mai nauyi, domin gilashin da ya fi tsawo a cikin ukun yana ninka rawar hannu, kuma a cunkoson hawa ba za ka sami wurin tsayawa daram ba. Na uku shi ne hular gilashi mai tare hasken gefe, da baƙin salatif na masu gyaran wuta da za ka zagaye murfin da shi bayan ka zura fim a inuwa. Gilasan da aka rubuta RX a jikinsu, musamman na Kern Switar, an yi su ne domin irin kyamararka, kada wani ya ruɗe ka ka musanya su da sabo mai ƙyalli.

Game da hawan kansa, Daushe da yamma ake yinsa, kuma lokacin da ake jahi rana ta riga ta sunkuya, ga ƙurar dawakai ta tashi. Ka riƙa sake auna haske kowane minti goma. Ka yi wa kyamara wani bayan kowace ɗauka, ko da sakan biyar ka ɗauka, domin babu abin takaici kamar mahaya su taso a guje sifirin ya mutu a hannunka. Idan kana son gudun doki ya fito a hankali, ka ɗaga ta zuwa 48, ka buɗe gilashi da lamba ɗaya, amma ka sani fim zai ƙare a rabin lokacin. Da ni ne kai, da na ajiye faifai ɗaya domin Hawan Nasarawa na washegari, wanda ake yi da safe cikin haske mai yalwa.

Tambaya daga wata mai karatu a Tarauni: Malam, na sayi Canon Auto Zoom 814 a wajen masu kayan gwanjo. Na sa mata batir tana gudu, amma allurar da ke cikin wurin leƙawa ba ta motsi. Kamun ƙanwata nake son ɗauka, har da waƙoƙin da za a yi.

Amsa: Hajiya, kyamararki ta Super 8 ce, tsarin da Kodak ya fito da shi a 1965, kuma ya fi na mai tambayar farko sauƙi nesa ba kusa ba, domin fim ɗin yana zuwa ne a rufe cikin ɗan akwatin roba da ake turawa a rufe murfi. Tsawonsa ƙafa 50 ne, yana ba da minti 3 da sakan 20 a kan hotuna 18 a sakan, ko minti 2 da rabi a kan 24.

Allurar ba lallai ne ta lalace ba. Batir huɗun da kika sa injin kawai suke juyawa, ma'aunin hasken yana da nasa ƙananan batura biyu masu kama da maɓalli a wani gurbi dabam. Asalinsu na sinadarin makuri ne, wato zaiba, masu ƙarfin bolt 1.35, waɗanda aka daina yi saboda guba. Na zamani masu 1.5 za su shiga gurbin, amma za su sa allurar ta yi miki ƙarya. Abin da ya fi kusa shi ne batirin na'urar taimaka wa ji mai lamba 675, mai ƙarfin 1.4, sai dai ya fi asalin ƙanƙanta, don haka sai an zagaye shi da ɗan zoben roba, kuma da zarar an ɓare takardar bayansa yana mutuwa cikin 'yan makonni ko an yi aiki da shi ko ba a yi ba. Idan kika ga farin gari ko kore a gurbin, ki goge shi da auduga da ɗan ruwan khal, ki bari ya bushe sarai. Idan duk da haka allurar ta ƙi, ki auna da waya ki saita gilashin da hannu.

Akwai wata matata mai ruwan lemo a cikin kyamarar, wadda aka tanada domin fim ɗin da aka yi wa hasken ƙwan lantarki, wato mai harafin T kamar 200T da 500T. Idan da irinsa za ki ɗauka a tsakar gida da rana, matatar ta zauna, a cikin zauren biki da dare kuma a kawar da ita. Mai harafin D, wato na hasken rana, ba ya bukatarta ko kaɗan.

Maganar waƙa kuwa, wannan kyamara ba ta ɗaukar murya, kuma ko masu ɗauka ma Kodak ya daina yi musu fim tun 1997. Ki ba wata ƙawa waya ta naɗi sautin, ki sa wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara a farkon kowace ɗauka domin a sami inda za a haɗa su a kwamfuta. Injin waɗannan kyamarori ba ya riƙe gudu daidai wa daida, saboda haka bayan sakan goma ko ashirin baki da murya za su fara saɓawa. Ki ɗauki lallen hannu, da feshin turare, da fuskar gwaggo tana guɗa, ki shimfiɗa waƙar a ƙarƙashinsu, ki bar dogon jawabi ga masu bidiyo.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Gwale: Mun sami faifai biyu na Kodachrome da ba a wanke ba, da wasu wankakku guda shida, biyu daga ciki suna warin tsami. Za mu iya sa su a majigi?

Amsa: Malam, marasa wankin ba za su sake fitowa da launinsu ba. Kodak ya daina yin Kodachrome a 2009, kuma wurin wanki na ƙarshe da ya rage a duniya, a jihar Kansas ta Amurka, ya daina karɓa a ƙarshen 2010. Wasu ɗakunan wanki a Turai da Amurka suna fitar da shi a fari da baƙi, kuma sau da yawa ana ganin fuskoki ko da hoton ya dusashe. Kada ka buɗe su a haske don ka gani.

Masu warin tsamin sun fara ruɓewa ne, zafi da laima ke jawo hakan, kuma tururin da suke fitarwa yana harbin na kusa da su, don haka ka raba su da sauran yau ɗin nan. Kada ka sa su a majigi, domin irin wannan fim ya kan tsuke, haƙoran majigin kuma su yaga ramukan gefensa. A juya su zuwa kwamfuta tun suna karɓa. Ka kwantar da hankalinka game da gobara: fim mai kamawa da wuta da kake jin labari mai faɗin milimita 35 ne na kafin farkon shekarun 1950, ba a sayar wa masu ɗaukar gida irinsa a milimita 16 ko 8 ba.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari: Ina zuwa ƙasashen waje saro kaya, ina so in riƙa taho da fim. Yaya zan ajiye shi a zafin nan namu?

Amsa: Alhaji, kada fim ya shiga jakar da ake aunawa a tura cikin jirgi, domin na'urar da ke haska waɗannan jakunkuna tana da ƙarfin da zai bar masa hazo, haka ma sababbin na'urorin da ke haska jakar hannu a wasu filayen jiragen sama. Ka riƙe shi a leda mai haske, ka roƙi jami'ai su duba da hannu, kuma ka yi haka a tafiya da dawowa, har da wanda ka ɗauka za ka kai wanki. A gida ka sa shi a firji cikin leda mai zif ba tare da ka ɓare kwalinsa ba, kuma idan an ɗauke wuta ka rage buɗe firjin. Ranar aiki ka fito da shi awa biyu ko uku kafin ka buɗe, don kada raɓa ta kwanta masa. Kada ka bar shi a mota a watan Afrilu ko na awa ɗaya ne. Kyamarar kanta kuma, da damina, ka fitar da ita daga tsohuwar jakar fatarta, domin fata tana riƙe laima, laima kuma tana haifar da funfuna a cikin gilashi. Ka sa ta a robar abinci mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, ka cire mata batir, mai sifirin kuma ka bar ta ta yi gudu har wanin ya ƙare kafin ka rufe.